Ƙofar Ɗaki na Bakwai

Ranar Litinin da safe na share ɗakina tas, na wanke simintin da ruwan sabulu, na miƙa wa Farouk makulli. Na bar hannuna a buɗe ina jiran kuɗina. Shi kuwa ko kallon hannun bai yi ba, ƙofa ya tsura wa ido.

Sunana Lariya. Shekara talatin na yi a ɗaki na bakwai a gidan marigayi Alhaji Brimah, nan cikin Zangon Kumasi, ina dama koko ina soya ƙosai a bakin lungu. Farouk ɗan Alhaji ne. Yana ɗan shekara biyar na san shi, da majina a hanci, kullum safiya yana tsugune kusa da kaskona yana cewa "Mma Lariya, ƙonanne." Ƙonannen ƙosai yake so, ni ma sai in bar masa ɗaya ya ƙone da gangan. Ya girma ya tafi Italiya, ya yi shekara goma sha ɗaya a can, uban ya rasu ba ya nan. Da ya dawo sai ya dawo mana boga sosai, kamar yadda muke kiran waɗanda suka dawo daga Turai, tabarau a goshi, takardu a jaka, ni kuma na tashi daga Mma na koma Madam.

Shi ya kawo mana kuɗin ajiya. Zamanin Alhaji ba mu san shi ba, ka biya hayarka a yi fatiha, shi ke nan. Farouk ya ce a Turai kowane ɗan haya yana ajiye kuɗi saboda ɓarna, ranar da zai tashi a duba ɗaki a mayar masa. Sidi dubu biyu da ɗari biyar kowane ɗaki. Na yi masifa, na yi kuka, daga baya na sayar da 'yan kunnena na biya. Ya ba ni rasit da hatimi, na naɗe shi a leda na sa a ƙasan akwati.

Bana ya ce zai rushe ɗakunan gefenmu ya yi masu banɗaki a ciki. Ban yi gardama ba, gwiwata ma ta gaji da layin bayi. 'Yata Hidaya tana aure a Tafo, ta samo mini ɗaki kusa da ita. Mai gidan can ya karɓi abin da na tara, ya ce cikon ya shigo hannunsa kafin sallar Juma'a ta mako mai zuwa, in ba haka ba akwai wani direba da ke jira da kuɗinsa a aljihu. Cikon nan kuwa shi ne kuɗin da ke hannun Farouk. Mijin Hidaya wata uku ba aiki, ba ni da inda zan juya.

"Madam," in ji Farouk, "ina ƙofar ɗakin nan?"

Na ce, "Ga ta kana kallo."

"Wannan ta ƙarfe ce. Babana katakon odum ya sa wa kowane ɗaki. Duba na shida, duba na takwas. Ina ta bakwai?"

"Shekara uku kana wuce ƙofar nan safe da yamma, yau ka gan ta?"

"Ranar tashi ake duba ɗaki." Ya zaro takarda ya karanta mini da Turanci, ya fassara da Hausarsa da ta fara tsami. Wai ɗan haya zai mayar da ɗaki yadda ya karɓe shi. Wai ƙofar odum irin ta da, yanzu ko da dubu huɗu ba za ka same ta ba, don haka ma sauƙi ya yi mini.

Na ce, "Ƙofar tana masallaci."

Ya yi dariya. A tsakar gida fa, mata na wanki, yara na shirin makaranta. Ya ce, "Masallaci ne ya saya? Madam, ki ce kin sayar kin ci kuɗin, ya fi sauƙi."

Wallahi sai da kunnena ya yi ƙara. Ni Lariya, ɓarauniya? A gidan da ko gawayin wani ban taɓa ɗauka ba sai na yi sallama? Na ce masa abubuwa, ba zan maimaita su duka ba. Na tuna masa majinarsa. Na tuna masa wandon da ya yi wa fitsari ranar Sallah na wanke kafin uwarsa ta gani. Ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa, ni kuma na rantse a raina ba zan ƙara yi masa bayanin komai ba.

Ga abin da ban faɗa masa ba. Shekara goma sha biyu da suka wuce ɓarayi suka ɓalle mana ƙofa da rana tsaka, suka ɗauke keken ɗinkin mijina Gausu. Da izinin Alhaji, Gausu ya sa aka yi mana ta ƙarfe, aka jingine ta katakon a bayan kicin. Bayan shekara uku Gausu ya rasu a ɗakin nan, wata Lahadi da hantsi, kansa a cinyata. Aka je ɗauko katakon wankan gawa na masallaci aka tarar ruwa ya cinye shi, ya dare biyu. Alhaji ya ce a ɗauko ƙofar bayan kicin. A kanta aka wanke mijina. Da aka gama Alhaji ya ce kada a dawo da ita, a bar wa masallaci. Ni ina cikin takaba aka fita da ita, tun ranar ban sake ganinta ba, ban kuma taɓa neman in gani ba. Wannan ce maganar da zan tsaya in faɗa a tsakar gida ga yaron da ya gama kirana ɓarauniya?

Tsofaffin 'yan haya sun sani. Amma kowa kuɗinsa na hannun Farouk, kowa ya sunkuyar da kai a kan wankinsa.

Kayana suna ɗaure a barandar maƙwabciyata Azaratu, ni ina kwana a tabarma a ɗakinta. Damina ce. Da hadari ya taso sai mu fito da gudu mu ja katifa, mu rufe akwati da leda, ruwa ya ɗauke mu buɗe, ya dawo mu sake rufewa. Na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in tashi in duba igiyar kaya, in na tashi sai in manta abin da ya tashe ni. Sau uku na aika wa Farouk dattawa, sau uku suka dawo da magana ɗaya: ƙofa, ko babu kuɗi. Hidaya tana kira safe da rana, "Mma, direban nan ya sake zuwa duba ɗakin." Ranar Alhamis ta zo da kanta da cikinta wata bakwai, ta ja ni zuwa ofishin haya na gwamnati. Na ce mata a Zango ba a kai ɗan mai gida ƙara, abin kunya ne. Ta ce kwana a barandar mutane fa, shi ado ne?

Suka ba mu takardar kira, suka sa mana Laraba. Kwana biyu kafin wa'adina ke nan. Kwanakin da ke tsakani ban san yadda suka wuce ba, na dai san na zuba gishiri a koko sau ɗaya, masu saye suka dawo mini da shi.

Ranar Laraba Farouk ya zo da riga mai kwala da jakarsa. Wadda ta saurare mu wata Ba'asantiya ce mai furfura a gaban goshi, ta karanta rasit ɗina ta karanta takardarsa, ba ta gaggawa. Farouk ya fara lissafa mata: bango ya yi baƙi, siminti ya tsage a lungu, ga ƙofa. Ta ɗaga masa hannu. Da Turanci ta yi masa magana, ta juyo ta maimaita mini da Tuwi, yarensu. Ta ce kuɗin ajiya ba na mai gida ba ne, riƙo aka ba shi. Ta ce bangon da ya dushe da simintin da ya tsufa a shekara talatin ba ɓarnar ɗan haya ba ce, zama ne ya kawo su. In mai gida zai riƙe wani abu, sai ya nuna abin da aka lalata ko aka ɗauke. Na ji kamar in tashi in rungume ta.

Sai ta ce, "Amma ƙofa abu ce da ake nunawa. Maame, ƙofar tana nan?"

"Tana nan."

"A ina?"

Na duba ɗakin. Mutane cike a benci suna jiran layi, kowa ya miƙo kunne. Na buɗe baki, na kasa kiran sunan Gausu a gabansu. Na ce, "Tana nan dai."

"Za ki iya kawo ta?"

Farouk ya yi murmushi ya ce in na kawo ƙofar babansa, ita ɗin dai ba wata ba, a take zai biya ni, ko kobo ba zai cire ba. Matar ta tura masa takarda da biro ta ce ya rubuta haka ya sa hannu. Ya rubuta yana kaɗa ƙafa, don ya tabbata ƙofar ta daɗe da zama teburin wani.

A mota Hidaya ta ce, "Mma, ƙofar Baba ce fa." Na ce mata na sani, ta yi mini shiru.

Washegari bayan azahar na je neman Malam Zuberu. Shi ke wanke mazan unguwarmu in sun rasu, sama da shekara arba'in, ba ya karɓar ko sisi. Ɗan siriri ne, ga shi da faɗa, yara na tsoronsa. Na same shi a bayan masallaci yana shanya wasu tsummoki a bakin wani ɗan ɗaki da ban taɓa yarda na kalla ba in zan wuce. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Matar Gausu, kin san abin da kike roƙo? Abin da aka ba matattu ba a karɓewa."

"Malam, aro nake so. Ya gani da idonsa kawai."

"In ya gani ya ce a kafa masa ita fa? Ƙofarsa ce a takarda. Gobe wani ya faɗi, a kan me zan ɗora shi?"

Ban yi niyyar ɗaga murya a bayan masallaci ba, amma ta ɗagu. Na ce, "Malam, matattun nan kowannensu yana da makwancinsa. Ni ce ba ni da shi! Kwana goma ina bin hadari da leda. Gobe in an yi Juma'a ban kai kuɗin nan ba, ɗakin ya tafi, abin da na tara ma sai na yi shari'a kafin in gan shi. In je in kwanta tsakanin 'yata da mijinta?"

Ya matse wani tsumma ya shanya. Can ya ce, "Yaron ya san wanda aka wanke a kanta?"

"Ban faɗa masa zancen Gausu ba."

"Ba Gausu nake nufi ba."

Na ɗago na dube shi. Ni duk zatona tunda Alhaji a asibiti ya cika, a can aka yi masa wanka, don a naɗe muka ga an wuce da shi. Malam Zuberu ya ce a'a. Alhaji ya bar masa wasiyya tun yana da lafiya, ya ce duk inda ya mutu a kawo shi ɗan ɗakin nan, a ɗora shi inda aka ɗora 'yan hayarsa. Haka kuwa aka yi.

Na zauna a kan dutse. Malam ya ce zai kai ƙofar da kansa gobe da hantsi, don ba ya barin ta ta je ko'ina ba shi. Ya ce amma in ji da kyau, in aka yi rasuwa kafin su dawo, ko an riga an kafa ta da ƙusa sai an cire.

Na dawo gida raina ya rabu biyu. Wani ɓangare na cewa madalla, bari ya sha abin da ya dama, a gaban mutanen da ya kunyata ni. Wani na tuna mini yaron da ke tsugune yana jiran ƙonanne. Na ɗora mai a wuta na manta da shi har ya yi hayaƙi. Azaratu ta sauke kaskon ta ce, "Yaya Lariya, ki je ki faɗa masa a ɗaki, ku biyu. Uba fa uba ne." Na ce na rantse. Ta ce in yi kaffara, azumi uku ba zai kashe ni ba.

Na je. Allah ya gani, na je. Bayan la'asar na tsaya a ƙofarsa na yi sallama, ya leƙo da waya a kunne yana magana da masu kawo masa bulo. Na ce, "Farouk, akwai maganar da ya kamata ka ji kafin gobe." Ya rufe bakin wayar da hannu ya ce, "Madam, ƙofa na ce, ba labari ba." Ya koma ciki. Na tsaya ina kallon labulensa, sannan na juya. To, shi ke nan.

Juma'a da ƙarfe tara na je masallaci da aboboya, ɗan babur ɗin nan mai akori a baya. Na tsaya can gefe na juya baya har aka gama ɗorawa. Malam Zuberu ya hau kusa da ita ya riƙe, ni na bi a ƙasa. Amma lungunmu aboboya ba ya shiga, kwata ta cinye rabin hanya. Dole aka sauke a bakin titi, maza huɗu suka ɗauka a kafaɗa, Malam a gaba da butarsa, ni a baya.

Abin da ban yi tunani ba ke nan, kuma da na yi da na sa an lulluɓe ta. Duk Zango babu wanda bai san ƙofar nan ba. In ka ga Malam Zuberu a gaba, ita a baya, ba ka tambayar me ya faru, sai dai ka tambayi wane gida. Mai wanki ta farko da ta gan mu ta saki bokiti ta ɗora hannu a ka. Mai shayi ya tashi ya kashe rediyo. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Wane ne?" Na ce ba kowa, ba wanda ya mutu, amma wa ke jin muryata? Teloli suka bar kekunansu, mahauci ya rufe nama da takarda, don a unguwarmu ba a ganin ƙofar nan ta wuce a ci gaba da zama. Da muka karya kwanar gidan Alhaji Brimah sai na ji wata daga baya tana cewa, "Wayyo, bogan ne! Jiya-jiya na gan shi da waya!" Malam Zuberu bai juya ya gyara musu ba, tafiyarsa kawai yake.

Kafin mu shiga tsakar gida mun fi mutum hamsin, mata har sun fara kuka. Farouk ya fito da singileti da buroshi a baki. Wani tsoho ya gan shi ya yi baya kamar zai faɗi, sannan ya rungume shi yana cewa, "Ashe kana nan! Alhamdu lillahi! To wane ne?" Aka shiga ƙirga mutanen gida. Da aka ga kowa na tsaye da ƙafarsa sai kuka ya tsaya, aka koma kallon juna.

Aka jingine ƙofar a bangon ɗaki na bakwai. Na ce, da ƙarfi don kowa ya ji, "Maigida, ga ƙofar da na sayar na ci kuɗin."

Ya matso. Lambar tana nan, bakwai da shuɗin fenti, rubutun hannun ubansa irin na sauran ɗakunan. Katakon ya yi fari-fari saboda ruwa, ƙanshin kafur na tashi daga jikinsa. Farouk ya ga taro, ya ga lamba, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Sai idonsa ya faɗa kan wasu ƙananan huji da aka jera layi biyu daga sama har ƙasa.

Ya ce, "An huda ta. Wannan ai ɓarna ce."

Malam Zuberu ya ce, "Ubanka ne ya kawo kafinta ya huda, don ruwa ya riƙa sauka."

"Wane ruwa?"

Na ga lokacin da abin ya fara isa gare shi, ya dubi butar Malam, ya dubi matan da hawaye bai bushe musu ba. Ya cire buroshin daga bakinsa.

Malam ya ce, "Shekara tara duk namijin da ya rasu a unguwar nan a kanta nake wanke shi, matan ma ita suke aika a ɗauko. Na farko Gausu ne, mijin wannan da ka ce ta sayar. Ubanka ya bayar da ita sadaka ranar." Ya dubi Farouk. "Shi ma da ya zo tafiya, a kanta ya ce a ɗora shi. Ni na wanke shi da hannun nan."

Ina jiran daɗin da na yi kwana goma sha ɗaya ina tanadi, bai zo ba. Farouk ya tsaya kamar an dasa shi. Duk gidan nan mun san yadda ya yi jana'izar ubansa: ba shi da takardun da zai fito ya koma, a waya aka nuna masa, ya ga farin likkafani da kafaɗun mutane, kafin a kai maƙabarta layin ya yanke. Ya miƙa hannu ya taɓa katakon, ya janye, ya sake taɓawa.

Da ya yi magana, muryar ba ta boga ba ce. Ya ce, "Malam, ta ina kansa yake?"

Malam Zuberu ya sa aka kwantar da ƙofar a ƙasa. Ya nuna masa gefen sama, daidai bayan lambar. Farouk ya durƙusa a kan simintin da ruwan wanki ya jiƙa, ya ɗora tafinsa a wurin, sannan ya ɗora goshinsa a bayan hannun. Kafaɗunsa suka fara rawa. Maza suka kau da kai, mahauci ya fara kora mutane waje a hankali.

Ni ma a lokacin na kalle ta sosai, karo na farko a shekara tara. Cikinta ne a sama, gefen da ke kallon gadonmu. Ga ramin ƙusar da Gausu ke rataye tef ɗinsa na awo in ya dawo daga shago. Ƙusar babu, ramin na nan. Na tsuguna na sa ɗan yatsana a kai. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, irin wanda ban yi ba tun fitata takaba.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, ni a wannan gefe shi a wancan. Wayata ce ta yi ƙara a cikin zani. Na ɗauka Hidaya ce, ashe saƙon kuɗi ne. Farouk na riƙe da tasa wayar, bai ɗago ba. Azaratu ta karanta mini: dubu biyu da ɗari biyar, cif. Ta ce, "Yaya, sha ɗaya ta wuce. Ki tashi, Tafo ba nan ba ce."

Malam Zuberu ya tambayi Farouk ko a kafa masa ƙofarsa. Ya girgiza kai. Ya miƙe ya kama kusurwar da lambar take, ya ɗora a kafaɗarsa, da singiletinsa da komai, sauran ukun suka kama. Ta ƙarfen da Gausu ya yi wata uku yana ɗinki kafin ya biya, na dube ta sau ɗaya na bar musu, ɗaki ba ya zama a buɗe.

Na ɗauki mayafina na bi su zuwa bakin lungu, don hanyar mota ta nan take. Sai wani abu ya faɗo mini. Na ce, "Malam, in na koma Tafo na fita daga unguwa ke nan. Ranar da tawa ta zo fa? Ni a kan wannan nake so."

Malam ya ce Tafo suna da nasu katakon, kuma ba a saba fita da ita nesa haka ba.

Daga ƙarƙashin ƙofar na ji an ce, "Mma Lariya." Sai da na waiga don in tabbatar daga bakin wa ta fito. Idonsa ja wur, katako ya danne masa kunne. Ya ce, "Ni zan kawo miki ita. Ko ina kike."

Na goge fuskata da bakin mayafi. Na ce, "To. Kada dai ranar ka ce sai na nuna rasit."

Ya yi wani abu tsakanin dariya da kuka, ƙofar ta karkata, Malam ya daka musu tsawa su riƙe da kyau. Suka yi hagu wajen masallaci, ni na yi dama da gudu-gudu a kan gwiwar nan tawa, ina ɗaga wa motar Tafo hannu.

Ana kiran sallar farko na isa. Direban nan na zaune a kan benci a ƙofar gidan, yana ganina ya tashi ya kaɗe wandonsa ya tafi. Mai gidan ya ga kuɗinsa ya miƙo mini makulli. Da na kai hannu zan karɓa sai ya ɗan shinshina, ya ce, "Hajiya, daga gidan rasuwa kike?"

Na ce masa a'a, daga gida nake.